Agwagwa ta Uku Daga Hagu

Zuwa ga Yaya Lua,

Shekara uku ke nan rabona da gida. Ina gaishe ki da Inna, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Ni lafiya lau nake, sai dai daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin labarin jikina.

Kin ce Inna ta matsa sai ta zo Hai Phong ta ga ɗanta a dandali. Yaya, da na ce na zama ɗan wasa ban yi ƙarya ba, ragowar maganar ce na haɗiye. Wasan 'yan tsanan ruwa muke yi. Muna bayan labule, tsundum cikin tafki, muna juya su da sanda, su ake yi wa tafi. Ni 'yar tsanar agwagwa aka ba ni.

Na roƙi maigidanmu, tsoho Bach, ya ba ni macijin wasanmu mai aman wuta ko na rana ɗaya. Ya ce, "Kai da ka nutsar da agwagwa sau biyu? Agwagwa fa! Kurɓi romon kifi ka ji ɗumi, ka koma ruwa." Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa.

To, ki kawo ta. Kada ku zauna a gaba, jiƙewa ake. Ki nuna mata agwagwa ta uku daga hagu, zan sa ta rusuna mata.

Abin da na tara a shekara ukun nan kuwa: wandon roba biyu, ɗaya na yoyo, sai mura.

Ƙaninki,
Kiem