Akwatunan Hotunan Baba

Kurmin Mashi, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Zakariyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Safiya da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri a can Kumasi. Mu nan sai godiya. Inna tana lallaɓa ƙafarta kamar kullum, Auwal ya koma makaranta. Baba ne dai idanun suka ƙara rauni, yanzu da murya yake gane mutum.

Yaya, ka san da aikin faɗaɗa titi ya biyo ta Unguwar Shanu, shagon hoton Baba yana cikin waɗanda aka rushe. Titin ya yi kyau, har da fitilu, amma yau in ka wuce ba za ka iya nuna inda shagon yake ba. Mun kwaso akwatunan hotunansa mun jera a ɗakin ajiya. Ashe rufin yana yoyo ta wata kusurwa, damina ta shiga ta fita babu wanda ya lura. Da muka buɗe, hotunan sun manne sun zama curi guda, fuskokin mutane sun narke. Aikin da ya fara tun yana saurayi ke nan. Da na gaya masa sai ya ce dama kayan duniya aro ne, ya nemi a miƙo masa buta.

Ba a jima ba sai ga Malama Hauwa'u, wadda ta koyar da mu a firamare. Ita da wasu mutanen unguwa sun karɓi wani tsohon ɗakin taro a Doka, wanda ya zama juji da maɓoyar 'yan shaye-shaye, sun gyara shi ya zama ɗakin tarihin unguwanninmu. Ta ce tun farko hotunan Baba ta sa a rai, domin da wuya a sami tsohon gida a nan da bai ɗauki bikinsa ko sunansa ba. Abin da muka iya ceto mata bai cika faranti ba. Da na sani ƙeya ce, Yaya. Da sun zo kafin ruwa, da bango huɗu bai ishe su ba.

Duk da haka wurin ya rayu. An rataye ɗan abin da aka samu, tare da kekunan ɗinki na da, da kwanukan jere, da tsohuwar kyamarar Baba. Tsofaffi suna wuni a can suna gardamar wane ne wane, mai shayi ya kafa tebur a bakin ƙofa, mata suna bin layin da a da ake tsoro.

Ranar da na kai Baba muka haɗu da Mama Saratu, matar marigayi Baba Yohanna mai gyaran keke, maƙwabtanmu na da. Tun da gidansu ya ƙone a rikici suka koma Sabon Tasha, sai ranar ta sake tsallako gadar kogin Kaduna, don ta ji an baje hotunan Malam Ila, kamar yadda take kiran Baba. Na ga tana bin bango a hankali, ta kai ƙarshe ta sake dawowa. Ta gaya mana ba ta da hoton mijinta ko ɗaya, jikokinta suna tambayarta kamanninsa. Baba ya ce ya ɗauke shi ba sau ɗaya ba, har na aurensu, kuma duk suna cikin akwatunan nan. Ita ce ta koma tana ba shi haƙuri. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Bayan kwana biyu ya kira ni, ya ce ya tuna. A cikin kundin hotunan da ka tafi da shi akwai na ranar sunanka, Baba Yohanna ne yake riƙe da kai a ƙofar gida, da farar riga. Don Allah ka duba. In yana nan ka fara turo shi ta waya, amma ainihin hoton ka ba wani mai zuwa, domin Baba yana so ya danƙa mata da hannunsa. Kada ka ja lokaci, jikin nasa ba kamar yadda ka bar shi ba ne. Ban gaya wa Mama Saratu komai ba tukuna, ina tsoron in sa mata rai a banza.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu Tanko da Gwaggo Mero. Ka gaishe min da Anti Safiya, ka shafa min kan Khalid da Jamila. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Nusaiba.