Muryar Abah a Ƙarƙashin Waƙarmu

Zuwa ga Neng Rengganis, Anis tawa, sanyin idona, ruwan farko bayan dogon rani, ƙamshin ganyen shayi mai saukowa daga tsaunukan Garut da hantsi, ke da zuciyata ta zaɓa ba ta ko nemi shawarata ba!

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, ki miƙa mini gaisuwa wurin mahaifiyarki, Ambu, Allah ya ƙara mata lafiya. Yau na ɗauki waya ya fi a ƙirga, in danna lambarki in fasa. Kin san ni, a gaban taro bakina ba ya rawa, amma da na ji kin kira ni "Kang Deden" sai maganar ta watse. Wannan kuwa ba maganar da zan bari ta watse ba ce, shi ya sa na ɗauko biro.

Kin san aikin da muke ciki a nan Bandung. Wani kamfanin faifai na Jakarta zai tattara waƙoƙin ƙungiyarmu, Kabut Senin, waɗanda ba su taɓa fita ba da waɗanda muka cusa a bayan kaset don cike gurbi. Muka jawo kwalaye daga ƙarƙashin gadon Ohang mai ganga, duk ƙura da kashin kyankyasai. A ciki har da kaset ɗin nan. I, shi dai.

Ya zan yi in tuna miki ranar ba tare da na fama miki ciwo ba? Muna gwaji a ɗakin nan na saman shagon gyaran babur, ruwa yana dukan kwano, kina zaune a bakin taga kina cin soyayyen rogo, ni kuma na rera waƙar da na yi miki karon farko, ina kallon jitata don ba zan iya kallonki ba. Kaset ya ƙare mana. Ohang ya lalubo wani marar suna a kan tebur, ya liƙe ramukansa da salatif kamar yadda muke yi wa kowane tsohon kaset in za mu ɗora sabon sauti a kansa, ya danna jan maɓallin ɗauka. Bai san daga jakarki ya fito ba. Bai san shi kaɗai ne abin da ya rage miki na muryar marigayi mahaifinki, Abah, ba. Ba ki yi ihu ba, farin watana, da ma kin yi! Cewa kawai kika yi, "Kang Ohang, dukan ganga ka iya, tambaya ce ba ka iya ba," kika fita cikin ruwan nan ko lema babu. Tun daga ranar babu wanda ya sake kunna shi.

Shekaranjiya da rana muka kai kwalayen wurin Koh Aliong, mai juya tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Ya saka naki a na'urarsa, ya ɗora abin sauraro a kai, can sai ya ɓata fuska ya ce, "Kai, ku da wace irin gwangwaniyar rikoda kuka yi aiki? Ai ba ta goge na ƙasa ba. Akwai wani dattijo a nan yana kaɗa tsirkiyoyin kacapi, irin kiɗan gargajiyar nan."

Anis! Rabin raina! Tsohuwar rikodar da muke zagi kullum, ashe lalacewarta ce ta yi mana rana. Abah yana nan. A ƙarƙashin jitata ana jin sautin tsirkiyoyinsa siriri, ana jin muryarsa tana tashi tana sauka, tun daga farkon waƙar har ƙarshenta. Kuma inda muka tsaya, Ohang ya kashe rikoda, sai Abah ya fito tas, shi kaɗai. Ya yi gyaran murya, ya yi dariya, ya ce, "Anis, bar taɓa wayar nan, zo ki zauna kusa da Abah." Wallahi na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Ohang ya fita waje bai dawo ba sai da aka yi la'asar.

Ga inda gizo ke saƙar. Koh Aliong ya ce muryoyin sun haɗe, ba a raba su. Ko waƙar ta fita da Abah a ciki, ko kada ta fita. Mutumin kamfani da ya ji ta sai ya doki tebur ya ce, "Ai wannan ita ce faifan gaba ɗaya! In babu ita, mu ma babu mu." Kin san yadda abokaina suka ƙwallafa rai a kan wannan aiki, kin san ni ma haka. Amma na sa Koh Aliong ya goge abin da ya kwafa, na zare kaset ɗin na sa a aljihun rigata, na ce mai shi ba ta ji ba tukuna. Cucu mai babbar jita ta kira ni mahaukaci. Ta yiwu da gaskiyarta, amma ai ta san wadda ta haukata ni.

Ranar Asabar zan biyo motar safe in zo Garut da kaset da rikoda mai kyau. Zan kunna muku ke da Ambu, in koma baranda in zauna sai kin kira ni. Ina roƙonki, tauraruwata, kada ki dubi fuskata kafin ki yanke hukunci. Kada ki ce "to" don kina sona. Wannan "to" ɗin zai hana ni barci har abada. In kin yarda duniya ta ji shi, za mu sa sunansa sama da namu. In kin ce a'a, kaset ya zauna a ɗakinki, faifan ya mutu, ni zan fuskanci abokaina, kuma ba za ki taɓa jin maganar a bakina ba. Me zan yi da tafin jama'a in na saya shi da hawayenki? Na saurari kalaman nan nasa da kyau, Anis. Ba duniya yake kira ba, ke yake kira.

Naki ke kaɗai, ko waƙar ta fita ko ba ta fita ba, har ranar da numfashi zai ƙare,

Deden