Ƙwaya a Kunun 'Yan Girbi, Mijina Kuma Ke Kai Shi Gona

Inna Madina, don girman Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gidan nan. Ni matar aure ce a wani ƙauye tsakanin Ƙaura da Zurmi. Maigidana ya daɗe yana shan tiramol, sai bara da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa yana jijjiga, wansa Yaya Na'Allah ya kai shi asibiti Sakkwato. Allah Ya taimaka ya bari. Ya dawo ya yi kumari, yana bin jam'i, har 'yarmu Rahma da ke gudunsa ta koma hawa cinyarsa. Wallahi na ɗauka mun haye.

To ga girbi ya zo. Kin san halin da muke ciki. Mutanen daji, 'yan bindiga, sun aiko a yanke dawa a kwashe kafin su sake shawara, ba kuwa wanda ya san ranar da za su sake ta. Gonar gandu ce, abincin shekararmu duk yana cikinta. Yaya Na'Allah ya ɗebo 'yan ƙwadago, ni aka ɗora wa damun kunu. Ya same ni a madafa ya miƙo mini ƙwayoyi a leda, wai in riƙa ɓarewa ina zazzage garin a ciki don kada ma'aikata su gaji. Ya ce haka ake yi bana, in kuma na ƙi har dawar ta salwanta, alhakin yunwar gidan yana wuyana. Inna, ƙwayar nan na san ta kamar yunwar cikina.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na zuba, na ƙara sukari don ɗacin ya ɓace. Na ware wa maigidana nasa a gora, babu ƙwaya babu sukari, na ce saboda haƙorinsa ne. Abin da ke cin raina, shi kaɗai ke da babur, shi ke ɗaukar jarkar kunun zuwa gona, daga shi sai ita a hanya. Ranar farko ya dawo a gajiye, ya ce yaran nan ko zama ba su yi ba, ya daɗe yana kallona. Jiya kuwa gorarsa ta dawo cike. Bai taɓa tuwo ba, sai surutu da dariya, yana sosa hanci, irin sosawar da na sani. Na tambaya, ya ce rana ce ta buge shi. Yau kafin in sauke tukunya har ya ta da babur yana jira.

Ko ya sha, ko tsoro ne ke nuna mini abin da babu, ban sani ba. In na gaya masa, zai tunkari wan da ya tsamo shi. In na yi shiru, da hannuna nake dama masa. Ina tsoro, Inna. Yaya zan yi?

Baiwar Allah, daga ƙasar Zurmi

AMSA

'Yata, sannu. Ba zan ɓoye miki ba, alamun da kika lissafa ba su yi mini daɗi ba, kuma wannan ba maganar gobe ba ce.

Wan mijinki ba mugu ba ne, tsoro ne ya rufe masa ido, kuma tsoron nasa da dalili. Amma shayar da mutum ƙwaya bai sani ba zalunci ne, tana kuma iya kayar da lebura da jijjiga a tsakiyar rana, lauje a hannu. Kada ki sake zubawa. Ba sai kin yi fito-na-fito da shi ba: ki sanar da uwarsu ko wani dattijo da yake jin kunyarsa, a nemi gayya, a ƙara hannu, a riƙa fita da sassafe.

Shi kuma maigidanki, ki gaya masa yau, ki fara da naki laifin don kada ya ji kamar tuhuma. Ina kyautata zaton ya riga ya sani, jira yake ki buɗe baki. In ya sha, kada ki yi masa gori. Komawa ruwa na faruwa ga masu bari, ba ta rushe abin da ya gina, muddin aka tare ta da wuri. Ku kira likitan da ya duba shi. Ki kuma riƙe wannan: jikin da ya daɗe bai sha ba ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da, ma'aunin da ya saba shi ke iya kashe shi. In kin ga barci mai nauyi, numfashi na yin ƙasa, ko jijjiga, asibiti nan take.

Ko ya sha ko bai sha ba, a raba shi da jarkar nan da gonar nan har a gama. Ya tafi Ƙaura wurin dangi in da hali. Za a yi tsegumi, za a ce ya gudu ya bar ɗan'uwansa da aiki, wataƙila ma wani sashen dawar ya salwanta. Ku shanye. Gidan nan zai iya rayuwa da rabin rumbu, amma gobe da safe kada mijinki ya hau babur ɗin nan.

Allah Ya tsare ku, Ya ƙara masa lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya.

Inna Madina