Baƙar jaka a bayan ƙofa

Lahadi, 6 ga Yuli

Mun sauka a otal da la'asar, mu malamai talatin da biyu, za mu yi kwana bakwai muna duba takardun jarrabawa. Kowa an haɗa shi da abokin kwana, ni kaɗai aka ba ɗaki a ƙasa. Dogo, malamin lissafi, ya ce, “Manya! Yaushe aka ɗaga ka ba mu ji ba?” Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Tun da aka yi mini aiki a mara bara nake fitsarin kwance. Ga shi na rubuta. Shekara hamsin da bakwai. Likita ya sani, uwar yara ta sani, shike nan. Na zo da shirina a ƙasan akwati: ledar shimfiɗa, zanin gado biyu, sabulu.

Da na zauna a bakin gado na ji wani ɗan ƙara. Na ɗaga zanin. Leda ce, irin mai yadi a sama, an ɗame ta har kusurwa huɗu. A kabad ga zannuwa biyu a ninke, da baƙar jaka, da 'yar takarda: “A sa a nan, a rataye a bayan ƙofa. Ba sai an yi magana ba.”

Wa ya gaya musu?

Litinin, 7 ga Yuli

Na leƙa ɗakin su Dogo da sunan aron biro, na ɗan taɓa gadonsa. Babu leda. Wato tawa ce ni kaɗai.

Na tare mai gyaran ɗaki a baranda, wata dattijuwa mai tura keken zannuwa. Ta ce, “Baba, haka aka rubuta mini a takardar aiki. Lambar ɗaki kawai, ba suna.” Na ce wa ya sa a rubuta? Ta ce in tambayi manaja.

Manaja ya rufe ƙofar ofis kafin ya amsa, wannan dai na yaba masa. Wai ranar Alhamis wata ta kira, ta ce mahaifinta zai sauka, ga larurarsa.

Mahaifinta.

Talata, 8 ga Yuli

Auta ce. Ba sai an faɗa ba, ita kaɗai ce mai wannan rawar kai. Amma Auta ba 'yar duba ba ce, wani ne ya gaya mata. Uwar yara ta dafa hannuna a asibiti ta ce maganar nan ba za ta wuce mu biyu ba. Da bakinta. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ashe cikinta bai iya riƙe abu ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai: yarinyar nan sai da ta kai shekara goma sha ɗaya tana jiƙa katifa. Ni nake tashi in wanke in shanya a bayan gida kafin yayyenta su farka, don kada su sa ta a waƙa. Ko kakarta ban taɓa gaya wa ba. Ni na rufa mata asiri, ita kuma ta ɗauki waya ta karanta wa baƙo nawa.

Kira bakwai daga gida. Ban ɗaga ba.

Na yaye ledarsu na cusa a kabad. Ban taɓa tawa ba ma. Ba zan sha komai ba daga azahar, in ga ta inda za a yi.

Laraba, 9 ga Yuli

Gado a bushe. Kaina kamar zai tsage.

Alhamis, 10 ga Yuli

Shugabar teburinmu ta dawo mini da takardu goma sha ɗaya. Na tsallake shafi a wasu, na ba da maki sau biyu a wasu. Wani yaro da ya ci na kayar da shi. Shekara ashirin ina wannan aiki ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. Ta ce a hankali, “Malam, in jikin ne ka faɗa, sai a sallame ka.” In aka sallame ni yanzu, ba za a sake kira na ba, na sani.

Leɓena duk ya tsage. Dogo ya turo mini gorar ruwa, ya ce na zama kamar busasshen kifi. Na shanye, na ƙara da shayi kofi biyu. Na gyara takardun duka.

Juma'a, 11 ga Yuli

An yi. Kuma ledar tana kabad inda na cusa ta. Har cikin katifa.

Da safe na tsaya da tawul ina dannawa kamar wawa. Na yi tunanin haɗa kaya in fita ta ƙofar baya. Sai ga ƙwanƙwasa, dattijuwar nan ce. Ta dubi gadon, ta dubi kabad, ba ta dube ni ba. Ta ce, “Baba, je ka karya. Sai kun shiga zauren aiki za mu sauya, ba mai gani.”

Na fara wani dogon bayani a kan tiyata. Ta katse ni. “Shekara goma sha tara nake gyaran gado. Wanda ya faɗa mana, zani kawai muke wankewa. Wanda ya ɓoye, katifa muke ɗauka, ga baya ba ƙwari.” Ta faɗa tana cire rigar matashi, ba faɗa, ba tausayi.

Da na dawo da azahar, katifa sabuwa, leda a ɗame. Kunyar nauyin da na ɗora wa bayan matar nan ta fi kunyar fitsarin.

Asabar, 12 ga Yuli

Na sa zanin a jaka, na rataye a bayan ƙofa. Na yi barci sosai, ban ji daɗin hakan ba. Takardu tamanin yau, ba ko ɗaya da ta dawo.

Lahadi, 13 ga Yuli

Gida. Uwar yara ta yi sannu da zuwa, na amsa a taƙaice. Ta ce, “Ina gani ka ɗauki leda da sabulu za ka je ka yi wanki a banɗakin otal, da wannan ɗinkin a cikinka. Ni ban san yadda ake magana da su ba, ita ta sani.” Na ce alkawari dai alkawari ne. Ta ce haka ne, ta karya, kuma ba ta ce in yi haƙuri ba.

Auta ta zo da yamma. Ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Na tambaye ta aiki, ta tambaye ni hanya. Har ta tafi ba wanda ya taɓo maganar.

Talata, 29 ga Yuli

Takardar zama na gaba ta iso, wani otal ne daban, watan Nuwamba. A ƙasa akwai gurbin da kullum nake ja wa layi: “Wata buƙata ta musamman.” Uwar yara ta ga takardar a kan tebur, ta ce ko Auta ta kira su? Na ce kada wanda ya sake ya kira mini kowa.

Har yanzu ina fushi da su biyun, kada a ɗauka na huce.

Na cike gurbin da kaina. Layi biyu. Na sa hannu a ƙasa.