Kar Ki Sake Jiƙa Min Ganyen Nan

Maman yara,

Na wuce asibiti, yau ma za su ɗebi jinina. Na wancan karon ya fito fes, babu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ɗaya! Ni da kowace damina sai na kwanta, bana ko fashin aiki ban yi ba.

Jiƙon da kika rufe min a kofi na zubar, ki yi haƙuri. Likita ta ce in ina shan wani magani a gefe, ba za su gane ko allurar rigakafin da suke gwadawa a kanmu ce ke aiki ba, kuma cire ni za su yi.

Bana ni da sauro ne. Kar ki shiga tsakani.

Baban yara