Yayana Ya Ɗauki Hoton Gawar Babanmu

Gwaggo Potre, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai sa Ummanmu kuka.

Ban yi boko mai nisa ba, keken haya nake tuƙawa a Marawi, a ƙasar Filifin, amma ina da ido. Yayana Amerodin mai ɗaukar hoton yaƙi ne. Inda mutane ke gudu, nan yake kutsawa da kyamara a wuya, kuma na daɗe ina haƙuri da shi. Ranar da faɗa ya shigo gari, muna gudu harsashi ya sami Baba a bakin gada. Yaya na da malong a kafaɗa, zanen da ake naɗe mu da shi ranar haihuwa, a lulluɓe mu da shi ranar mutuwa. Bai rufe Baba ba. Baya ya ja, ya durƙusa, ya ɗauki hoto. Ni na tuɓe nawa na rufe shi.

Hoton ya zaga duniya. Baba baki buɗe, Umma kai ba ɗankwali. Dattijon da ko gwiwarsa ba a taɓa gani ba, ga shi rataye a bango a Manila, 'yan gayu na shan kofi a gabansa. Na ƙura wa hoton ido, ko kaɗan bai karkace ba. Ubanka ya faɗi, a ce hannunka bai yi rawa ba?

Da na yi wa Yaya magana sai cewa ya yi, wai kai direba, ba don hoton nan ba wa zai san an kashe mu? Na ce mu ai mun sani, ungulu kawai.

Yanzu zai zo kanduri, sadakar da za mu yi wa Baba. Baffanninmu sun ce ya zubar da mutuncin gida, ni zan tsaya a ƙofa in kore shi. Zuciyata na so. Umma kuwa ta aika a sayo kifin da Yaya yake so.

Ɗan Bakin Tafki

Ɗana, ba zan wanke yayanka ba. Gawa tana da haƙƙi, kuma kan mahaifiyarku ba nasa ba ne da zai rataye wa baƙi. Amma kada ka auna zuciyarsa da hannunsa. Masu wannan aikin, hannu kan ci gaba da aiki bayan hankali ya gushe. Maganarsa ma da gaskiya a ciki, rashin kunyar ce ta ɓata ta.

Baffanninka kuwa wayo suka yi maka. In korar daidai ce, me ya hana su tsayawa da kansu? Za su ci su watse, su bar ka da Umma.

Ka bar shi ya shiga, kyamara ta tsaya a waje. Idan baƙi sun tafi, ka zaunar da shi gaban Umma, ita za ta ce a sauke hoton ko a bari, ba kai ba. In ta ce a sauke ya ƙi, to ka san da wa kake.

Ta riga ta binne miji. Kada ta rasa ɗa a ƙofar gidanta, kuma a hannun ƙaninsa. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya muku zuciya.

Gwaggo Potre