Muzuru a Kwandon Madam Afaf

Litinin, 15 ga Afrilu

Mai gidana na unguwar Dokki a Alƙahira ya turo saƙo: daga wata mai zuwa haya ta ninka. Ya haɗa da hoton fure da barka da salla. Na karanta wa Farfesa, muzuruna, da ƙarfi. Ya buɗe ido ɗaya, ya mayar ya rufe. Abin da ya sa na raɗa masa sunan ke nan tun farko: ana kawo masa matsala yana barci, kuma abincinsa ba ya yankewa.

Albashina na mai fassara takardun cikin kwalin magani dai bai ninka ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Yini guda ina bin Ustaz Midhat dillali, shi da turarensa mai sa ciwon kai. Ko'ina tambaya biyu ce. Ina mijinki? Babu. Sai a dube ni kamar na faɗi wata cuta. Kina da dabba? Akwai. Sai a fara neman makulli a aljihu. Wani tsoho ya ce da kare ne ma da ya fahimta, kare yana gadi, ita mage me take yi? Na so in kare Farfesa, na rasa hujja.

Gida ɗaya ne ya ce ana maraba da dabbobi, a Ma'adi, unguwar baƙi masu kuɗi, kuma da dala ake biya. Karnukan Turawa sun fi ni wurin kwana a garin nan.

Mama ta kira daga garinmu Damanhur. A ba wa mahaucin unguwa magen, in dawo gida, ɗakina yana nan, kuma ɗan ƙawarta likitan haƙori har yanzu bai yi aure ba. Na ce Allah ya ba shi lafiya.

Asabar, 20 ga Afrilu

Unguwar Munira. Tsohon bene, rufin ɗaki can sama, baranda mai kallon titi, kuɗin kuma zan iya idan na daina cin nama da hawa tasi. Hawa na uku. Mai gidan tana zaune a na huɗu, daidai saman kaina. Madam Afaf: ƙaramar tsohuwa, baƙar riga, gashi an rina shi ja, idanu kamar na jami'in kwastan. Ba ta sauka ƙasa saboda gwiwa, mu muka hau.

Rashin miji bai dame ta ba. Ta ce ta yi aure shekaru da yawa, ta san ba shi ke gyara mutum ba. Abin da ba ta yarda da shi ba mage ce. Marigayi mijinta yana kiwon tantabaru a saman rufi, magen wani ɗan haya ta shiga ta gama da su a dare ɗaya, mutumin bai sake hawa rufin ba har ya mutu. Tun daga nan an rubuta a takardar haya: ɗan haya ba ya ajiye mage, wanda aka kama ya kwashe kayansa.

"Ke kaɗai ce, 'yata?"

Ustaz Midhat ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ce ni kaɗai ce. A wajen hukuma ma haka yake.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Mun tare. Farfesa ya shigo cikin kwalin da na rubuta wa "ƙamus". Kawu Shahata mai gadi ne ya ɗauka. A hawa na biyu ya tsaya, ya kara kunne.

"Dakta, ƙamus ɗin nan naki yana numfashi."

Na ce tsohon bugu ne. Na sa masa ɗan abu a aljihun jallabiya. Ya ce dama kunnensa na hagu ya mutu tun yana soja, na dama kuma ba ya shiga abin da ba ruwansa.

Ni ba dakta ba ce. Na gaya masa, ya ce duk mai kwalaye haka dakta ne.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na sayi rediyo don ya rufe kukan Farfesa. Yanzu maƙwabta sun ɗauka ni mai son labaran wasanni ce.

Talata, 30 ga Afrilu

Kowace safiya kwandon Madam Afaf yana saukowa da igiya ta gaban barandata. Tana leƙowa ta ƙwala wa mai gurasa kira, ta yi masa faɗa a kan ta jiya, ya saka ta yau, ta ja. Mijinta ya kafa mata ƙaramar taya a jikin ƙarfen baranda don jan ya yi sauƙi. Duk da haka idan kwandon ya iso daidai hawana sai ta tsaya ta huta. Yana lilo a nan, kusa da tukunyar na'ana'ata, kamar yana jira in gaishe shi.

Na rubuta kundin digirina na biyu a kan zaman maƙwabtaka a tsofaffin unguwannin Alƙahira. Akwai babi guda a kan kwandon nan. A Dokki kuwa ban taɓa sanin sunan wanda ke ƙofar da ke kallon tawa ba, kuma mun zauna lafiya ƙalau. Haka nake so a nan ma.

Alhamis, 2 ga Mayu

Farfesa ya gano kwandon. Yana zama bayan gilashi yana binsa da ido sama da ƙasa. Ina gargaɗin kaina: a rufe ƙofar baranda, Nermin. A rufe.

Litinin, 6 ga Mayu

Sham Nasim, bikin shigowar bazara. Gari duk warin fasih, kifin gishirin biki, da ɗanyar albasa, yara sun fita da ƙwai masu launi, ni kuma na ce zan yi hutuna a gida kamar mai hankali.

Zafi ya sa na buɗe barandar. Kaɗan kawai. Na shiga kicin in ɗora shayi, ina jin Madam tana ciniki da mai kifi daga sama, tana rantsuwa idan kifin ya kai ta asibiti za ta aiko masa da 'yan sanda. Na fito da kofi a hannu. Kwandon yana hutunsa na kullum a gaban barandata, da kifin gishiri a naɗe cikin takarda. Farfesa yana kan ƙarfe.

Ban taɓa ganin ya yi tsalle ba tun da na san shi. Ko kan gado sai ya yi shawara. Amma ya yi, ya faɗa ciki daidai, kwandon ya juya sau biyu. Daga sama na ji ta ce, "Kai, yau mai kifi ya ji tsoron Allah a awo." Tayar ta fara ƙara. Ina tsaye ina kallon jelarsa tana reto, tana hawa sama. In yi ihu, na tona kaina. In yi shiru, ya isa. Na yi shiru, ya isa.

Ba a yi ƙara ba a sama. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Na hau da sunan zan yi mata barka da biki. Ƙofa a buɗe. Tana zaune a kujera, hannu a kan sanda, shi kuma yana tsakiyar kafet ɗinta yana cin kifin bikinta a natse, yana ware ƙaya gefe.

"Kin san wannan?"

Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da ci.

Ta ce to shi ke nan, na titi ne. Gobe da safe Shahata zai sa shi a buhu ya kai shi kasuwar kifi can ƙetaren kogi, tunda kifi yake so. Ta ba ni ƙwai shuɗi. Na karɓa, har na yi godiya.

Shekara shida yana kwana a kan ƙafata. Na tsince shi a bayan ɗakin karatu na jami'a, bai kai tafin hannuna ba. Bai san mota ba, bai san kare ba, tsoron tsintsiya yake yi.

Kuɗin dillali da na ajiya sun cinye duk abin da na tara. Idan ta kore ni, Damanhur ce da likitan haƙori.

Ƙwan yana kan tebur. Ban ci ba.

Talata, 7 ga Mayu

Na roƙi Kawu Shahata ya karɓi buhun ya kewayo da shi ta matakalar baya. Ya ce Madam za ta tsaya a baranda ta ga ya tsallaka titi, haka take yi ko shara ya ɗauka. Kuma gurasar 'ya'yansa a hannunta take. Na gane. Ban ƙara masa nauyi ba.

Na hau kafin mai gurasa ya zo. A matakala na shirya jawabi mai kyau, da gabatarwa da komai. Da ta buɗe ƙofa abin da ya fito shi ne, "Nawa ne."

"Wa?"

"Muzurun. Sunansa Farfesa. Ƙarya na yi."

Ta juya ta koma ciki, na bi ta. Yana kwance a wata babbar kujerar fata kusa da taga, ƙafafu a sama. Daga baya Kawu Shahata ya gaya min kujerar marigayi ce, ko ɗanta idan ya zo daga Kuwait ba ya zama a kai.

Ta ce ita tsohuwa ce, ba wawuya ba. Magen titi ba ya wannan ƙiba, ba ya warin sabulun wanka, kuma ba shi da fiffiken da zai kai shi hawa na uku. Ta zuba ido ne ta ga ko ni irin mutanen da za su bari a sa nasu a buhu ne. Irin waɗannan ba ta son su a ƙarƙashin ƙafarta, da mage ko babu mage.

Na tambaya yaushe zan kwashe kayana. Ta ce takarda takarda ce, ita ba ta taɓa warware abin da ta sa wa hannu ba: ɗan haya ba ya ajiye mage. Sai ta dubi kujerar.

"Amma ba a rubuta mai gida ba ta ajiyewa ba. Tun jiya nawa ne. A kwandona ya zo."

Na buɗe baki. Ta ce jiya da dare ya hau gadonta ba tare da izini ba, yana minshari kamar mijinta Abdul'azim, Allah ya jiƙansa, kuma rabon da ta yi barci irin na jiya ta manta. Abincinsa a kaina, tunda ni na lalata shi. Kifin da ya ci kuma bashi ne.

Ban san ko na ci nasara ko an yi min fashi ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

An tsara. Da rana ina wurin aiki yana sama. Bayan la'asar tana sauko min da shi a kwando, "aro", in ji ta. Na ɗinka wa kwandon murfin raga, na canza igiyar da sabuwa mai kauri. Yana zama a ciki kamar minista a bayan mota. Masu shagon ƙasa sun fara fitowa kallo, mai gurasa yana sara masa.

Ta ce ba za ta kira mage Farfesa ba, rashin ladabi ne ga masu ilimi. Tana kiransa Basha. Yana amsawa. Ni shekara shida bai taɓa amsa min ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Kafaɗarta ta kama saboda nauyin Basha. Yanzu ni ke karɓar gurasa in hau da ita, in kai muzurun a hannu. Kawu Shahata ya ce kunnensa na hagu ya warke.

Ba a shiga gidanta a fita haka nan. Sai an sha shayi, sai an ji abin da matar hawa na ɗaya ta yi a shekarar girgizar ƙasa. Ina ɗaukar wannan a matsayin ci gaban bincike.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ta sa na buɗe mata ƙofar rufi. Ɗakin tantabarun yana nan, katako ya rube, babu komai sai ƙura. Ba ta iya hawa, ta tsaya a ƙasan matakala tana tambayata me nake gani. Na ce ana hango hasumiyoyin masallacin Sayyida Zainab. Ta ce ta sani, tana tambayar ɗakin ne. Na ce yana nan lafiya.

Mama ta kira muna cin mahshi, kayan lambun da ake cusa wa shinkafa. Madam ta karɓe wayar. Sun yi kusan awa. Ban ji duka ba, na dai ji ta ce, "Bar min ita, Hajiya, ramewar ce kawai za mu gyara." Ba a ambaci likitan haƙori ba. Ko kuwa an ambata a hankali.

Asabar, 1 ga Yuni

Na biya haya. Ba ta rage ko fam ɗaya ba, ta lissafa a gabana, ta tuna min da kifin.

Ustaz Midhat ya kira da murna. Ya samo gida a Aguza, kusa da ofishinmu, ya fi wannan araha, akwai lif mai aiki, mai gidan yana Kanada kuma ba ruwansa ko raƙumi zan ajiye. Babu mai leƙo ni, babu mai tambaya. Daidai abin da na roƙe shi tun farko, in ji shi, kuma gaskiyarsa. Na ce zan yi tunani. Ya ce kafin yamma wani zai ɗauka.

Yamma ta yi. Ban kira ba. Ɗaukar kaya wahala ne, kuma hasken barandar nan yana yi wa na'ana'a kyau. Farfesa ma ba ya son canjin wuri.

Tanti Afaf tana buga sanda a ƙasa, sau uku, wato shayi ya yi. Gobe a tuna a saya mata man shafawa na kafaɗa, ba irin na wancan karon ba, ta ce yana wari.